Litogirafi: Yadda ake buga zane da dutse, maiƙo da ƙaro

A shekarar 1796, wani marubucin wasan kwaikwayo a birnin Munich na Jamus, Alois Senefelder, ya rasa kuɗin buga rubuce-rubucensa. Neman hanya mai rahusa ne ya kai shi ga gano litogirafi, wato buga zane daga kan dutse.

Sirrin aikin shi ne ruwa da maiƙo ba sa ga maciji da juna.

Mai zane kan goge dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Solnhofen, har ya yi sumul, sannan ya yi zanensa a kai da alli mai maiƙo. Daga nan sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro mai ɗan asid.

Idan aka jiƙa dutsen, inda babu zane kaɗai ke riƙe ruwa. Da an bi da tawada mai maiƙo, sai ta kama zanen kawai. Sai a ɗora takarda, a matse da inji, zanen ya fito a juye. Yawanci kowane launi da dutsensa.

Ƙaron nan ne ke hana tawada malala ta ɓata aikin. Daga itacen dakwara ake samunsa a Sudan, Chadi da Arewacin Najeriya, kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya dagula cinikinsa.

Ke nan, mai zane a Turai yana dogaro da guminsa da kuma na mai tsintar ƙaro a dajin Sahel.