Karen Brittany: Mafarauci ne, ba mai gadin shago ba

Duk ɗan kasuwar da aka yi wa tallar karen Brittany don gadin kaya, to ya dakata tukuna. Asalin karen nan yankin Bretagne ne, a arewa maso yammacin Faransa, kuma da farautar tsuntsaye aka san shi. Nauyinsa kilo 14 zuwa 18 ne. Yana da son mutane, yara kan saba da shi da wuri. Mai irin wannan hali ba ya korar ɓarawo.

Sai dai ba ya jure ɗauri, kullum yana bukatar gudu na awa guda ko fiye. A Garwa kuwa zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40, don haka sai da sassafe ko da yamma lis. A tanadar masa inuwa da ruwa, a riƙa cire masa kaska. Masu shiga dajin Binuwai da shi su yi hattara da ƙudan tsando.

Uwa uba, allurar rigakafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum 59,000 a shekara. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti.