Haɗiya da Numfashi: Abin da Ya Shafi Marasa Lafiya a Bune

Abinci da iska suna bi ta maƙogwaro ɗaya kafin hanyarsu ta rabu, shi ya sa duk lokacin da mutum ya haɗiye loma numfashinsa kan tsaya kusan daƙiƙa ɗaya, wani ɗan murfi na guringuntsi ya rufe hanyar huhu. Binciken Bonnie Martin-Harris a Amurka ya nuna cewa masu lafiya galibi suna haɗiya ne a tsakiyar fitar da numfashi, sannan su ci gaba da fitar da shi, abin da ke tura ragowar abinci nesa da huhu.

Shanyewar ɓarin jiki tana rushe wannan tsari ga kusan rabin waɗanda ta kama a kwanakin farko. A Bune, cikin gundumar Gure, inda jinya ke hannun iyali, ana ganin alamar a wurin shan fura: tsoho ya ƙware, muryarsa ta jiƙe, bayan kwanaki zazzaɓin ciwon huhu ya biyo. Mafi haɗari shi ne wanda ruwa ke zarcewa huhunsa ba tare da tari ba.

Zaunar da majinyaci a miƙe, ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, da tsabtace bakinsa, abubuwa ne da ba su buƙatar na'ura, kuma ya dace likitocin babban asibitin Damagaram da malaman Jami'ar André Salifou su koyar da su ga ma'aikatan jinya na karkara.