Richard Peto: Ba likita ba ne, amma lissafinsa ya sauya yadda ake jinyar bugun zuciya

A shekarar 1988 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da ya sa masu karatu da dama sake duba shafin don tabbatar da abin da suka gani. A cikin jadawalinsa an raba masu bugun zuciya gwargwadon burujin da aka haife su a ciki, irin na masu duban taurari. Alƙaluman sun nuna asfirin bai amfani 'yan burujin Jauza da Mizan ba, amma ya ceci rayukan sauran.

Da gangan aka saka wannan jadawali, kuma ɗaya daga cikin jagororin binciken shi ne Richard Peto, masanin ƙididdigar lafiya a Jami'ar Oxford da ke Ingila.

An haifi Peto a 1943. Ya karanta kimiyya a Jami'ar Cambridge, sannan ya ƙware a fannin ƙididdiga a Landan. A 1967 ya fara aiki da Richard Doll, likitan da ya taimaka wajen gano alaƙar taba sigari da kansar huhu, ya kuma bi shi zuwa Oxford bayan shekara biyu.

Me ya sa sai mutum dubu 17?

Matsalar da ta dame shi tun farko ita ce yawancin magunguna ba sa yin abin al'ajabi. Magani mai kyau kan rage mace-mace ne daga mutum 12 cikin ɗari zuwa tara ko goma. Likitan da ke duba marasa lafiya a ɗakin jinya ɗaya ba zai ga wannan bambanci da idonsa ba. Gwaji a kan mutum ɗari biyu ma ba zai nuna shi ba, domin dace kaɗai na iya ɓoye shi ko ya ƙirƙiro shi. Amma cutar da ke kama miliyoyin mutane, ragin mutum biyu cikin ɗari na nufin dubban rayuka a kowace shekara.

Shawarar Peto da abokan aikinsa ita ce a sauƙaƙa gwajin, a rage cike-ciken takardu, a sa mutane masu ɗimbin yawa, kuma ƙuri'a ce za ta raba wanda zai sha maganin da wanda zai sha ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta.

Haka aka yi a gwajin da ake kira ISIS-2. Mutum 17,187 aka sa daga asibitoci 417 a ƙasashe 16. Cikin mako biyar, kashi 11.8 cikin ɗari na waɗanda ba su sha asfirin ba sun mutu sakamakon ciwon zuciya da jijiyoyin jini, a cikin waɗanda suka sha kuwa kashi 9.4 ne. Da aka haɗa asfirin da allurar streptokinase mai narkar da gudan jini, mace-macen sun sauka zuwa kashi 8, idan aka kwatanta da 13.2 a wajen waɗanda ba su samu ko ɗaya ba.

To ina taurari suka shigo? An buƙaci masu binciken su fayyace wane rukuni maganin ya fi amfana, maza ko mata, tsofaffi ko masu ciwon suga. Sai suka sa burujai a saman jerin, don mai karatu ya ga cewa idan aka yi ta yayyanka alƙaluma gida-gida, dole wani gida ya fito da sakamakon ƙarya. Da a ce rukunin mata ne ya fito haka, da wataƙila an hana mata da yawa maganin da zai cece su.

A lura, wannan bincike a kan waɗanda aka kwantar a asibiti da bugun zuciya aka yi shi. Ba izini ba ne mai lafiya ya riƙa sayen asfirin a kemis yana sha kullum, domin yana iya jawo zubar jini a ciki, musamman ga mai olsa.

Sigari da sankarar mama

Ɗaya ɓangaren aikinsa shi ne taba. Shi da Doll sun ci gaba da bibiyar likitoci maza sama da 34,000 na Birtaniya da aka fara yi wa tambayoyi a 1951. Rahoton shekara 50 da suka fitar a 2004 ya nuna mai shan sigari na rasa kimanin shekara 10 na rayuwarsa. Abin da Peto ya fi nanatawa shi ne ribar dainawa: wanda ya bari yana ɗan shekara 60 ya ƙwato kusan shekara uku, mai 50 shida, mai 40 tara, mai 30 kuwa kusan duka goman.

Ya kuma yi fice wajen tattara gwaje-gwaje daban-daban a lissafa su wuri guda. Daga tsakiyar shekarun 1980 tawagarsa ta riƙa karɓo bayanan matan da aka yi wa gwajin maganin sankarar mama a ƙasashe da dama. Da aka haɗa su, sai ta bayyana cewa shan tamoxifen na shekara biyar na rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya cikin uku, a wajen matan da irin sankararsu ke girma da sinadarin estrogen.

A 1999 Sarauniya Elizabeth ta ba shi sarautar Sir saboda wannan aiki.