Siga da Halin Tauraro a Adabin Yara: Misalin Goku na Labarin Dragon Ball

Marubucin ƙagaggen labari yakan fito da tauraronsa ta hanyar sigarsa, wato ƙirar jiki da sutura da makami, da kuma ta hanyar halinsa, wato abin da yake aikatawa da yadda yake mu'amala da sauran taurari. A adabin yara siga ta fi nauyi, domin yaro yakan fara gane tauraro da ido kafin ya gane shi da hankali. Aikin yakan ƙara wuya idan tauraron ba ɗan'adam ba ne, don dole marubuci ya sa shi ya zama baƙo, kuma a lokaci guda ya zama wanda yaro mai karatu zai so ya yi abota da shi. Umaru Dembo ya taɓa irin wannan fage a littafin Tauraruwa Mai Wutsiya na 1969, inda baƙon halitta ya ɗauki yaro ya zaga da shi sararin samaniya. A misalin da za a duba a nan kuwa, yaron ne da kansa baƙon halittar.

Son Goku shi ne babban tauraron Dragon Ball, labarin zane na Akira Toriyama ɗan ƙasar Japan, wanda ya rasu a 2024. An riƙa buga labarin kashi-kashi a mujallar Weekly Shonen Jump daga 1984 zuwa 1995, aka tattara shi a littafi 42, aka kuma fara nuna shi a matsayin katun a talabijin a 1986. Tushen tauraron shi ne Sarkin Birai na wani tsohon labarin ƙasar Sin na ƙarni na 16, kuma daga can ya gaji sunansa da sandarsa mai tsawaita da gajimaren da yake hawa.

A farkon labarin, Goku ɗan gajeren yaro ne mai kumatu da manyan idanu, ga baƙin gashi da ya miƙe tsiri-tsiri ta ko'ina. Yana rataye da jar sanda a baya. Daga baya ne ya sa rigar makarantar malaminsa Kame Sennin, mai ɗauke da tambari a ƙirji da baya. Abin da ya raba shi da sauran yara shi ne wutsiya irin ta biri, kuma a kanta ne gwanintar mai zanen ta fi fitowa. Wutsiyar ita ce lagonsa, domin duk wanda ya damƙe ta ya kashe masa jiki. Ita ce kuma mafarin bala'insa, domin idan ya kalli wata daren sha huɗu yakan rikiɗe ya zama ƙaton goggon biri da ba ya gane kowa. A irin wannan dare ne ya tattake tsohon da ya tsince shi ya raine shi, Son Gohan, ba tare da ya sani ba, ya kuma ci gaba da girmama ƙwallon da tsohon ya bar masa kamar shi ne kakan nasa. Ke nan gaɓa ɗaya ta jiki ta ɗauki ban dariya da rauni da ban tausayi duka.

Ta fuskar hali, Goku yaro ne da ya tashi shi kaɗai a cikin duwatsu. Kafin haɗuwarsa da Bulma bai taɓa ganin mace ba, bai san mota ba, lissafinsa ma bai kai ya faɗi shekarunsa daidai ba: ya ce sha huɗu, sai bayan ya koyi ƙirga aka gane sha biyu ne. Ba shi da ƙarya, ba shi da riƙo, ga ci kamar gara. Marubucin bai tsaya yabon zuciyarsa da baki ba. Sai ya kawo gajimaren da ba ya ɗaukar kowa sai mai tsarkin zuciya, malamin da ya ba da kyautarsa ya yi ƙoƙarin hawa ya faɗo, yaron kuwa ya hau ya zauna daram.

Duk da haka, kuskure ne ɗalibi ya ɗauki Goku a matsayin jarumin da ya fito don ceton duniya. Babban abin da ke motsa shi shi ne son faɗa da wanda ya fi shi ƙarfi, kuma yakan yi murna idan ya gamu da abokin gaba mai tsanani. Taimakon da yake yi wa mutane yakan biyo baya ne. Wannan ɗabi'a ba ta sami bayani ba sai bayan kusan shekara huɗu da fara labarin, lokacin da wansa Raditz ya sauko duniya ya shaida masa cewa sunansa na yanka Kakarot, kuma shi ɗan jinsin Saiya ne, mayaƙan duniyar Vegeta waɗanda sana'arsu ita ce cinye duniyoyi su sayar. An turo shi yana jariri ne don ya hallaka mutane. Da farko ma ya kasance mai taurin kai da mugunta, sai da ya faɗa kwazazzabo ya bugu a ka sannan ya huce. A wani ɗan labari na 2014 Toriyama ya sauya wannan bayani, ya nuna iyayensa ne suka turo shi don tsirar da ransa, sauyin da ya sassauta labarin amma ya rage masa kaifi.

Abin lura ga mai nazari shi ne an zana wutsiya da rikiɗa da yawan ci da son faɗa tun kafin labarin ya ambaci wata duniya daban. Marubucin ya dawo daga baya ne ya tattara su, ya mai da su alamomin jinsi guda, har da gashin, domin labarin ya ce gashin cikakken ɗan Saiya ba ya sauya kama tun daga haihuwa.