Tankin Tsohuwar Fijo: Ciwon da Ke Ci Daga Ciki

Duk wanda ya saba bin hanyar Kafanchan zuwa Kagoro, ko Zonkwa da Kwoi, bai rasa cin karo da tsohuwar Fijo 504 ko akori-kura ta ɗauko buhunan citta har ta durƙusa ba. Motocin nan 'yan gida ne, domin tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, cikin garin Kaduna, kuma ya shafe kusan shekara talatin yana fitar da 504. Masu su kan lura da inji da taya da birki, amma tankin mai ba a tuna shi sai ranar da mota ta mutu a dokar daji alhali allurar geji na nuna akwai mai.

Tankin waɗannan motoci ƙarfe ne, babban maƙiyinsa kuma ruwa. Kudancin Kaduna ƙasa ce mai doguwar damina da laima. Idan tanki ya kwana rabinsa iska, sanyin asuba kan mai da danshin iskar ya zama raɓa a bangonsa na ciki. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka sai ya gangara ya kwanta a ƙasa yana cin ƙarfe a hankali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 abin ya ƙaru, don direba da yawa ba ya iya sayen fiye da 'yan litoci a lokaci guda. Ga kuma man 'yan bumburutu da ake ɗurawa daga jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba.

Tsatsa ba ta zuwa da shela. Mota za ta fara shaƙewa a hawa, tana fizga, matatar mai na toshewa kowane mako, kafireta na cika da jan gari kamar na bulo. Wani lokaci kuma laifin murfin tanki ne: yana da 'yar kafar shan iska, idan ta toshe mai ba zai sauko ba. Alamarta ita ce ka ji tanki ya ja iska da ƙara sa'ad da ka buɗe murfin.

Gyara na farawa da cire kan batir. Sai a tsiyaye man a fili, nesa da wuta da sigari da janareto, a kwance tankin, a zuba masa tsakuwa ko tsofaffin notuna da ruwan sabulu, a yi ta girgizawa har tsatsar ta saki. A ɗauraye, a shanya har ya bushe ƙarau, domin ɗigon ruwan da aka bari shi ne irin sabuwar tsatsa. A canza matata da duk tiyon da ya tsattsage.

Idan an ga huda, a yi hattara. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari a gaban mai walda, saboda tururin fetur da ya gauraya da iska shi ke fashewa. Kada a kusantar da wuta sai an wanke shi sarai an kuma cika shi da ruwa. In kuwa gindin ya zama kamar rariya, sayen wani ya fi faci.

Shi geji aikinsa mai sauƙi ne. A cikin tanki akwai wani ɗan abu mai yawo a kan mai, kanikawa na ce masa fulot, haɗe da siririn hannu da ke goga wata naɗaɗɗiyar waya. Hawa da saukarsa ne ke ƙara ko rage wutar da ke isa ga allura. Ƙaryar geji takan fito daga wuri huɗu: fulot ya huje ya nutse, wayar ta cinye, tsatsa ta raba na'urar da jikin mota, ko fis ya ƙone. Mai rewaya kan cire wayar da ke kan tanki ya ɗan taɓa ta da jikin mota bayan ya murɗa makulli. Idan allura ta yi tsalle zuwa ƙarshe, agogon lafiya lau yake, ciwon na cikin tanki.

Akwai dabaru biyu da ya kamata a bari. Na farko, awon mai da sanda, wanda ke shigar da ƙasa cikin tanki. Na biyu, ajiye galan a cikin mota a ja tiyo zuwa inji don gudun wanke tanki. Wannan zama ne da gobara a tsakiyar fasinja.

Wanda ba zai iya cika tanki kullum ba, ya yi ƙoƙari kada ya bar allura ta kwanta, musamman da damina, ya kuma tace duk man da ya sayo a jarka da tsabtataccen ƙyalle. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Motar da ta yi shekara arba'in tana hawa da sauka a gindin duwatsun Kagoro ta cancanci a ba tankinta yini guda a gareji kafin ruwan bana ya sauka.