Gano Duniyoyin da ke Kewaya Wasu Taurari

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin taurari. Manomin ƙasar Babura kan dubi Kaza da 'Ya'yanta don lissafin damina, ya kuma san Zara matar wata. Sai dai a wajen masana, Zara duniya ce irin tamu mai kewaya rana, ba ta da hasken kanta. Ita kuwa rana tauraruwa ce. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake gano duniyoyin da ke kewaya sauran taurari.

Hanyar Ganowa

A shekarar 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro mai kama da rana, suna aiki daga doron ƙasa a Faransa. To amma gajimare da hazo da wayewar gari sukan katse kallo. Saboda haka a 2009 Amurka ta harba na'urar hangen nesa mai suna Kepler zuwa sararin samaniya, ta zura wa taurari kimanin 150,000 ido dare da rana.

Dabarar ta yi kama da husufi. Idan duniya ta gitta ta gaban tauraronta, sai haskensa ya ɗan dusashe. Yawan dusashewar shi ke nuna girman duniyar: mai girman Mushtari takan rage kimanin kashi 1 cikin 100 na hasken tauraro irin rana, mai girman tamu kuwa ba ta kai kashi 1 cikin 10,000 ba. Tazarar da ke tsakanin gittawa biyu ita ce tsawon shekararta. Kafin Kepler ta daina aiki a 2018, ta tara bayanan da suka tabbatar da duniyoyi fiye da 2,600.

Sanin Halinsu

Hasken da ya ratso iskar duniya, in aka rarraba shi kamar launukan bakan gizo, sai a tarar wasu launuka sun raunana, domin kowace iska da irin launin da take shanyewa. Da haka na'urar James Webb ta gano iskar kabon irin wadda muke fitarwa wajen numfashi a duniyar WASP-39b a 2022.

Kammalawa

A 2019 Nijeriya ta raɗa wa wani tauraro suna Amadioha, duniyarsa kuma Equiano. Aikin da ke gaban ɗaliban Hausa shi ne daidaita kalmomin da za su bambance tauraro da duniya, domin muddin "tauraro" na ɗauke da ma'ana biyu, koyar da wannan ilmi da harshenmu zai yi wuya.