Jinsi da Talauci Mai Daɗewa a Arewacin Ghana

Masana harkar raya ƙasa suna bambanta talaucin wucin gadi, wanda fari ko jinya kan jefa gida a cikinsa, da talauci mai daɗewa, wato wanda kan kai shekara biyar ko fiye, har 'ya'ya su gaje shi daga iyaye. Na biyun ne ya yi kaka-gida a arewacin Ghana, inda binciken Hukumar Ƙididdiga na 2016/17 ya nuna kashi 61.1 cikin ɗari na mutanen tsohon Yankin Arewa, wanda ya ƙunshi Salaga da Yendi, matalauta ne, a yankin da Bawku take kuma kashi 54.8, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 23.4 ne.

Binciken ya kuma nuna gidajen da mata ke riƙe da su ba su kai na maza talauci ba, sai dai gida gaba ɗaya yake aunawa, ba ya leƙa yadda ake rabon abin da ya shigo cikinsa. Ann Whitehead, wadda ta yi nazari a tsakanin Kusasi na ƙasar Bawku a 1975 da 1989, tana cikin waɗanda suka nuna cewa miji da mata ba lallai aljihunsu ya zama ɗaya ba. Rumbun gero yana hannun maigida, ita kuwa mace, wadda kayan miya ke wuyanta, aron gona take yi, kuma tana iya rasa ta idan aure ya mutu ko miji ya rasu. Lokacinta ma yakan ƙare a ɗiban ruwa da itace da tsintar kaɗanya, shi ya sa idan damina ta yi gardama ake cire yarinya daga makaranta, ta tafi Accra ko Kumasi dako a kasuwa, ta dawo ba ilimi ba jari.

Gwamnati ta ƙaddamar da shirin LEAP na tallafin kuɗi a 2008, ga kuma dokar gado ta 1985 da dokar filaye ta 2020, waɗanda suka tanadi haƙƙin matar aure. Amma tallafi yunwar yau yake kashewa, kuma muddin rabon gona yana bin al'adar dangin miji, talaucin uwa zai ci gaba da sauka a kan 'yarta.